Janaretan Da Dohun Ya Kawo

Ku yi haƙuri da duk kuskuren da za ku gani a rubutun nan. Da babban yatsan hagu nake dannawa, a tsohuwar wayar Umma mai tsagaggiyar fuska, hannuna na dama kuwa yana rataye a wuyana. Masu cika min akwatin saƙo da "Sunhwa, ina kika shige?", to ku gyara zama.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: Pyo Sunhwa nake, shekarata ashirin da tara, injiniyar lantarki. Wutar jiragen ruwa nake haɗawa a Geoje kafin ciwon bayan Baba ya dawo da ni tsibirinmu, gonar kifi. Tankunan siminti ne jere a ƙarƙashin rumfa, famfuna suna janyo musu ruwan teku dare da rana. In famfo ya tsaya kifi ya mutu, zancen ke nan. Ina da wanda nake so, Ham Yunjae, tare muka yi aiki. Ba ya ji, zazzaɓi ya tafi da kunnuwansa tun yana yaro, shi ya sa rabin soyayyarmu a rubuce take. Gidanmu kuma suna da nasu gwanin, Tak Dohun, aminin yayana Gitae, ɗan mai motocin da ke kwashe kifin tsibirin nan kaf zuwa Seoul. Wasu samarin turare suke kawowa. Shi janareta ya kawo, sabo fil, ja, yaransa suka girka shi a gefen tsohon koren janaretan Baba ranar da na kai Baba asibiti a Mokpo. Ya ce kada kowa ya buɗe masa murfi. Ni yake nufi.

Ana gobe guguwa za ta sauka sai ga shi da akwatin naman sa, wai ya zo duba mu. Jirgin fito ya daina tashi, ya kwana a ɗakin Yaya. Na rantse da gangan ya yi.

Gari na wayewa iska ta kwantar da turakun wuta na bakin hanya. Baba da Yaya suka tayar da janaretocin biyu, suka haɗa su, wuta ta dawo. Ni kuwa Umma ta tsare ni a ɗaki da doguwar riga ruwan hoda mai maɓallai a baya, wadda ta saya tun bikin 'yar ƙanwarta.

"Umma, rufin maƙwabta yana yawo a sama, kina maganar riga?"

"Sa. Mutum ya kwana a gidanmu, za ki fito masa da wandon da ke warin man gas? Juyo in ɓalle miki."

Ta ɓalle, ta mintsine ni a kafaɗa, ta goga min jan baki da yatsanta.

A falo an shimfiɗa gajeren teburin baƙi mai ado da ɓawon kawa. Miyar ganyen teku, gasasshen kifi, kimci, tsamammen kabejinmu mai yaji, iri uku, da naman nan nasa yana ƙara a kasko. Dohun na zaune a kan matashin Baba, farar riga a goge, agogo mai nauyi, gashi a kwance kamar ba a guguwa a duniyarsa.

"Baba ya ce in fara, yana wajen tankuna," ya ce. Baba. Ko sadaki ba a yi maganarsa ba, ya mai da ubana nasa. "Zauna mana, Injiniya. Kin ga wutata? Ko ƙyaftawa ba ta yi."

Yana rufe baki ƙwan fitila ya yi haske fau, ya dusashe, ya sake yin haske. Firji ya yi gurnani ya yi shiru. Na ajiye tsinken cin abinci. Wutar nan numfashi take yi, a hankali, kamar mai barci.

Wayata ta motsa a cinyata.

Yunjae: "Na ga labarai, idon guguwar ta kanku zai bi. Kin ci abinci?"

Na rubuta a ƙarƙashin tebur: "Ina ci da maƙiyi. Wuta tana numfashi."

Yunjae: "An haɗa biyun?"

"E."

Yunjae: "Tashi."

Na tashi. Umma ta kama gefen rigar, na fizge, na zura takalman robar Baba a ƙofa na fita. Tsakanin gida da ɗakin inji ba nisa, amma sau biyu iska tana kai ni ƙasa. Wani kwandon roba ya taso ya doke ni a ƙugu. Na isa rigar ta manne min kamar fata, jan bakin ya gangaro haɓa.

A ciki ƙara ta cika ko'ina, ga wani wari da na sani, warin fentin waya in ya fara dahuwa. Yaya Gitae na tsaye gaban allon mitoci, yana murɗa maɓallin tsohon janareta yana zagi.

"Tsohon banzan nan ne! Na gaya wa Baba a sayar da shi a kilo!"

"Yaya, cire hannunka."

"Ke koma ki zuba wa baƙo shinkafa."

Na ture kafaɗarsa na duba. Bari in yi muku bayani a gajarce, don ku gane abin da na gani. Janareta biyu in aka haɗa su a layi ɗaya, kaya iri biyu suke rabawa. Akwai wutar da ke yin aiki, mai juya famfo, ita man da kowane inji ke sha ne ke raba ta. Akwai kuma wata da ba ta juya komai, kai-komo kawai take yi tsakanin janareta da injinan famfo, amma in babu ita maganaɗisun cikinsu ba ya tashi. Ita wannan wani ɗan akwati ne a jikin kowane janareta ke raba ta, muna ce masa ragileta. Kowane janareta yana da mita mai nuna yadda wutar biyu suka cakuɗu. In lafiya, allurar wannan da ta wancan wuri ɗaya suke tsayawa.

Namu sun rabu. Wutar aiki daidai suke ɗauka, babu laifin mai. Amma allurar jan ta kwanta can gefe ɗaya, ta koren ta tsallake tsakiya ta tafi ɗaya gefen, suna lilo, su ɗan dawo, su sake buɗewa fiye da da. Jan yana wawure wutar kai-komon duka, har yana tura wa koren wadda ba a tambaye shi ba. Wuta tana zagaye tsakaninsu a banza, tana dafa su. Na taɓa jikin jan na janye hannu.

Na ɗauki hoton allon na tura wa Yunjae. Kafin ya amsa na ruga ɗakin famfo na kashe akwatin kafasito, mai tallafa wa famfuna da wutar kai-komon, don wani lokacin shi ke rikita irin wannan rabo. Na dawo, babu abin da ya canja.

Yunjae: "Kafasito?"

"Na kashe. Ba shi ba ne."

Yunjae: "To jira babban famfo ya tashi, ki kalli ƙarfin wutar jan. Ya kamata ya ɗan sauka."

Na riga na kafa ido a wurin. Babban famfo ya tashi da gurnaninsa. Allurar ƙarfin wutar jan, maimakon ta sauka, sai ta hau.

Na rubuta: "Hawa ta yi."

Yunjae: "Zobe."

Ni ma shi na rubuta, saƙonninmu suka yi karo a hanya. Ku yafe min, a tsakiyar wannan bala'i sai da na yi murmushi.

Zoben nan ana zura shi ne a ɗaya daga manyan wayoyin janareta, yana da 'yan siraran wayoyi biyu masu zuwa ragileta. Aikinsa ya raɗa wa ragileta: ka ɗauka da yawa, sassauta wa ɗan'uwanka. In aka juya wayoyin biyu sai ya riƙa raɗa masa akasin haka: ka ɗauka da yawa, ƙara. In janareta shi kaɗai yake aiki ba za a taɓa ganewa ba, kuma shi kaɗai yaran Dohun suka gwada shi.

Na ɗauko sukudireba na fara kwance murfin jan.

"Ke! Ya ce kar a buɗe!"

"Ya zo ya hana ni."

Murfin ya fita. Na haska da tocila daga nesa, ban kai hannu ba. Farar waya a gurbin baƙa, baƙa a gurbin fara, ga zanen masu ƙera shi manne a cikin murfin yana ƙaryata su.

"Wa ya ba ki izini?"

Dohun ne a ƙofa, cikin rigar ruwan Yaya, Baba a bayansa yana dafe da ƙugu. Baba bai ko kalli rigata ba.

"Sunhwa, ruwa ya rage gudu a tankunan layin ƙarshe. Kifi sun fara tasowa. Me ke faruwa?"

Na ɗaga murya saboda ƙara. "Baba, an juya wayoyi biyu a cikin sabon. Dole a kashe shi in gyara. Tsohon ba zai ɗauki gonar duka ba, sai ka rufe famfunan layin baya, ka buɗe wa kifinsu iskar numfashi ta kwalba. Ba zan daɗe ba."

Dohun ya yi dariya. "Baba, ka ji ko? Injin da bai yi wata biyu ba shi ne mai laifi, wanda ya girmi Gitae shi ne mai lafiya. A kashe tsohon, nawa zai riƙe."

"Ba zai riƙe ba. In ka kashe koren yanzu, jan zai faɗi kafin ka juyo."

"Da Baba nake magana."

Baba ya kalli jan, ya kalli koren, ya kalle ni. Mutumin nan in ya yi fushi motocinsu ba za su sake tsayawa a ƙofarmu ba, duk mun sani.

"Zan je in buɗe iskar," Baba ya ce a ƙarshe, bai kalli kowa ba. "Ku daidaita kafin in dawo. Sunhwa, ki yi magana da ladabi."

Ya fita. Iska ta bugo ƙofar ta rufe.

Wayata ta yi haske a kan benci. Kafin in kai hannu Yaya ya wafce.

"A'a! Ashe da malami ake aikin." Ya ɗaga ta sama yana karantawa da muryar shaƙiyanci. "'Kada kowa ya cire wayar zoben inji na tafiya, ki kula min da kanki.' Ki kula min! Dohun, kurman nan ne fa. Daga Geoje yake jin ƙarar injinka."

"Ba ni wayata, Yaya."

"Kina ci da maƙiyi? Wa ye maƙiyin? Mutumin da ya kawo mana..."

"Na ce ba ni!"

Na kai hannu. Marin da ya sauke min sai da kunnena ya yi ƙara fiye da injinan biyu. Na bugi bango, na ji gishirin jini a bakina. Tun muna yara rabon da Yaya ya taɓa ni.

Dohun ya karɓi wayar daga hannunsa a hankali, kamar an miƙa masa kofin shayi. Ya yi ta ja da yatsa yana karantawa, sama, sama, har watannin baya. Fuskarsa ba ta canja ba. Ya ajiye ta a kan siminti, ya ɗora dunduniya, ya murza. Na ji gilashin yana kuka.

"Na yi haƙuri da ke, Sunhwa," ya ce. "Uwata ta ce 'yar gidan Pyo ta yi zaman ma'aikata da maza, na ce ba komai. Na kawo wa ubanki abin da bai taɓa mafarkin saya ba. Sai ki tsaya gabansa ki ce kayana ne ruɓaɓɓe, saboda wani nakasasshe ya rubuto miki?"

"Ba shi ya ce ba, mita ta ce. Juya ka gani da idonka."

Ya kama hannuna na dama, wanda ke riƙe da sukudireba. Ya murɗe shi baya, ya haɗa da gefen ƙofar allon ƙarfe, ya danna da nauyinsa duka. Na ji ƙas, kamar an karya ɗanyen kara. Ihun da na yi ban san daga ina ya fito ba. Sukudireba ta faɗi. Na durƙushe, rigar Umma tana shan baƙin man da ke ƙasa.

"Dohun, ya isa," Yaya ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kai, ya isa haka."

"Waya biyu ko?" Dohun ya ɗauki filaya daga benci. "Waya biyu ne za a tara min jama'a a kai? Bari in juya su, mu ga abin da ya rage miki na faɗa."

Duk da zafin da nake ji sai da na miƙe a gwiwa. "Kada ka taɓa! Inji na tafiya! Dohun, in ka cire ta wuta za ta yi tsalle! Yaya, riƙe shi!"

Yaya bai motsa ba. Dohun ya waigo ya yi min murmushi, ya zura filaya cikin akwatin, ya kama farar wayar ya fizga.

Na ga shuɗin tartsatsi ya bi filayar. Hannunsa ya zabura, bakin filayar ya faɗa kan babban ƙarfen da wutar janareta ke bi. Abin da ya biyo baya ba haske ba ne, rana ce ta fashe a ɗakin. Ƙara kamar an harba bindiga a cikin kunne. Iska mai zafi ta watsa ni baya. Na ji manyan makunnai biyu sun faɗi, ɗaya bayan ɗaya, injinan suka yi wani irin kuka suka mutu.

Shiru. Sai guguwa kawai a kan rufi. A gonar kifi babu abin tsoro kamar shiru.

Da idona ya washe na ga Dohun can jikin gangar mai, a kwance, rigar ruwan ta narke ta manne masa a hannu, gira babu, gefen fuskarsa ja jawur. Yana numfashi. Sai ya fara ihu, ihun da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Ɗakin ya cika da warin tagulla da ƙonannen gashi.

Baba ya faɗo ciki, Umma a bayansa da cokalin miya a hannu.

"Wayyo ni! Baban Gitae, ya mutu? Ɗan mutane ya mutu a gidanmu?"

"Bai mutu ba," na ce. "Umma, ruwan sanyi mai tsabta, ki yi ta zuba masa, kada ki ɓanɓare robar. Ki kira nas. Baba, iskar kwalba, duka layuka, ka kashe makunnin kowane famfo."

Sai a lokacin Umma ta ga hannuna, yadda ya lanƙwashe inda ba gaɓa. Ta buɗe baki.

"Ba yanzu ba, Umma."

Yaya na tsaye inda yake, yana kallon Dohun. Na tashi na je gabansa.

"Yaya. Yaya! Kalle ni. Ba ni da hannu. Kai ne hannuna."

Ya kalli kumatuna inda yatsunsa suka kwanta, ya sunkuyar da kai.

"Me zan yi?"

Muka fara da koren. Ya tashi a bugu na biyu, tsohon kirki. Na sa Yaya ya mai da maɓallin da ya yi ta murɗawa inda alamar fentin Baba take, ya shigar da makunni, na leƙa ƙofa na yi wa Baba ihu ya kunna famfunan layin gaba kawai. Na ji ruwa ya fara zuba can nesa. Rabin gona ke nan. Sauran rabin suna kan iskar kwalba, kuma kwalaben ba su da yawa.

Cikin akwatin jan ya yi baƙi ƙirin. Filayar ta narke ta bar ɗigon ƙarfe. Siraran wayoyin sun ƙone har rabi, amma ragileta a dasƙare yake cikin baƙin danƙo, wutar ba ta ci shi ba. Na sa Yaya ya cire batir, ya gwada ko'ina da mita a gabana kafin ya taɓa. Na riƙe tocila da haƙori, in cire in yi magana, in mayar.

"Kankare baƙin nan. Duka, har sai ƙarfe ya yi fari. Yanke wayar daga inda ta yi laushi. A'a, ƙara sama. Fere bakin. Fara a hagu."

"Da a dama take."

"Shi ya kawo mu nan. Fara a hagu, baƙa a dama. Ɗaure. Ƙara ɗaurewa, ba kunnen budurwa kake taɓawa ba."

Gumi na ɗiga daga hancinsa. A bayanmu Umma na zuba ruwa tana kuka tana cewa "sannu, ɗana, sannu," Dohun na kiran uwarsa. Hannuna ya kumbura ya yi kamar ba nawa ba, duk bugun zuciya sai na ji shi a ƙashi. Sau ɗaya na juya na yi amai a bayan ganga, na goge baki da hannun rigar ruwan hoda, na dawo.

Jan ya tashi. Na bar shi shi kaɗai na ɗan lokaci, ina saurare, ina shinshina. Babu hayaƙi. Na sa Yaya ya daidaita ƙarfin wutarsa da na koren, ya ɗora hannu a kan makunni. Akwai wata allura mai zagaye da ke nuna lokacin da janareta biyu suka yi taku ɗaya. Tana juyawa a hankali.

"In ta kusa kai tsakiya ta sama zan ce yanzu. In ka yi latti ko ka yi gaggawa, abin da ya faru ɗazu wasa ne."

"Sunhwa, ba zan iya ba."

"Ka iya mari ai. Jira. Jira. Yanzu!"

Makunnin ya shiga, ƙat. Fitila ba ta ko girgiza ba. Na yi wa Baba ihu ya kunna na baya ɗaya bayan ɗaya. Famfo na farko ya shiga, allurar jan ta ɗan karkata, ta koren ta bi ta. Na biyu, haka. Babban famfo ya tashi, ƙarfin wutar jan ya ɗan sauka kamar yadda aka halicce shi ya yi, allurai biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa ba lilo. Na zame jikin allon na zauna a ƙasa.

Ba duka muka tsira da su ba. Tankuna biyu na can ƙarshe, manyan kifin da Baba ya yi shekara biyu yana reno, sun juya fararen cikinsu sama kafin ruwa ya kai musu. Baba ya tsaya a kansu da koma a hannu.

Da idon guguwar ya zo, iska ta lafa kamar an rufe ƙofa, nas ɗin ɗakin shan magani ta iso da maza biyu, suka ɗauki Dohun a kan ƙyauren ƙofa. Ta ce zai rayu, idanunsa ma sun tsira, amma hannun sai Mokpo, kuma ba jirgin da zai tashi sai iska ta wuce. Ni ta ɗaure min nawa da katako biyu a falo, a gefen teburin da naman ya sandare a kasko. Umma ta sa almakashi ta yanke min rigar daga baya, don maɓallan sun ƙi ɓalluwa. Tana yanka tana kuka.

"Shi ya yi miki wannan?"

"Shi."

"Fuskar fa?"

Na kalli ƙofa. Yaya na zaune a bakin ƙofa, ya ba mu baya.

Umma ta ajiye almakashin, ta shiga ɗaki, ta fito da tsohuwar wayarta ta ajiye min a cinya. "Rubuta wa yaron nan," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Kar hankalinsa ya tashi." Karo na farko ke nan da ba ta ce masa kurma ba.

Lambarsa a kaina take. Na rubuta: "Ni ce. Zoben ne. Sun daidaita. Na ɗan ji ciwo."

Amsa ta zo kafin in sauke yatsa. "Saƙo nawa na tura, shiru. Ina tashar jirgin tsibirinku a Wando tun ɗazu, na tuƙo cikin ruwan. Wane irin ciwo? Turo hoto. Sunhwa, kada ki ce min 'ɗan' ciwo."

Ina ƙoƙarin ɗaukar hoton da hannu ɗaya aka buga ƙofa. Sajan Gu ne, ɗan sandan tsibirinmu, wanda tun ina firamare yake karɓar kifi a hannun Baba duk sabuwar shekara. Yau bai karɓi shayi ba. Ya cire takalmi, ya zauna a kan gwiwoyinsa, ya ajiye hularsa a gefe. Baba ya shigo yana ɗigar ruwa.

"Yallaɓai Pyo, ka yi haƙuri, aiki ne. Mahaifin Tak Dohun ya kira ofishinmu na Wando, su kuma suka kira ni." Ya share murya. "Yaron ya dawo hayyacinsa ya yi masa magana ta waya. Ya ce yana tsaye yana duba injin, 'yarka ta turo shi ciki daga baya. Da gangan. Ya ce a faɗuwar ne ta karya hannunta."

Umma ta dafe ƙirji. Ni dariya ce ta kufce min, mai ciwo.

"Ni? Da wane hannun? Sajan, roƙonsa na yi kada ya taɓa!"

"Na ji, Sunhwa. Maganarki da tasa ke nan. Wa ke ɗakin lokacin?"

"Ni ina wajen tankuna," Baba ya ce. "Uwarsu tana gida." Ya juya a hankali, saboda bayansa. "Gitae. Kai kana ciki. Juyo ka gaya wa Sajan abin da ka gani."

Yaya ya juyo. Har yanzu baƙin ƙunar akwatin yana ƙarƙashin faratansa. Ya kalli Baba, ya kalli Sajan Gu. Ni ce kawai bai kalla ba.

"Ita ta tura shi," ya ce.